Tarihin Gunpla: yadda guntayen roba suka ceto fim ɗin da ya faɗi a Japan

 Yau tarihinmu zai kai mu ƙasar Japan, kan wani abin wasa da ake kira Gunpla. Ƙananan butum-butumai ne na roba, masu siffar mayaƙan ƙarfe, waɗanda ake sayarwa a wargaje cikin kwali. Wanda ya saya shi zai yanke guntayen, ya harhaɗa, ya yi fenti in ya so, sannan ya tsayar da shi kamar yana fagen daga. Wani zai ce ai wannan shiriritar yara ce. To ku biyo mu, domin shiriritar nan ta raya kamfani, ta kuma riƙe sana'ar gari guda.

Maganar ta faro ne ranar 7 ga Afrilu 1979, lokacin da wata tashar talabijin ta birnin Nagoya ta fara nuna wani majigin zane mai suna Mobile Suit Gundam. Kamfanin Nippon Sunrise ne ya shirya shi, Yoshiyuki Tomino ya ba da umarni, Kunio Okawara kuma ya zana injunan yaƙin. Kafin nan ma Japanawa na da finafinan manyan butum-butumai, irin su Mazinger Z da wanda Faransawa suka raɗa wa Goldorak, wanda aka fara nunawa a Faransa a 1978. A waɗannan, butum-butumin gwarzo ne guda ɗaya tak, kowane mako ya kashe dodo, yara su yi tafi.

Tomino, wanda aka haifa a 1941 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya zo da wani salo. A labarinsa mutane ne ke yaƙar mutane: Tarayyar Duniya da masarautar Zeon ta mazauna sararin samaniya. Injunan kuma kayan soja ne kamar tankar yaƙi, ana ƙera su da yawa a masana'anta, suna lalacewa, harsashinsu na ƙarewa. Jarumin, Amuro Ray, yaro ne ɗan shekara 15 da yaƙi ya afka wa, yana jin tsoro, wani lokaci har ya ƙi fita fage.

Matsalar ita ce, a wancan zamani masu sayar da kayan wasa ne ke ɗaukar nauyin irin waɗannan finafinai. Na Gundam wani kamfani ne mai suna Clover, wanda ya fitar da kayan wasa na ƙarfe masu ƙyalƙyali domin ƙananan yara. Yaran ba su gane kan labarin ba, matasan da suka gane shi kuma sun girme wa irin wannan kaya. Ciniki bai tafi yadda aka so ba, masu kallo ba su yi yawa ba. Fim ɗin da aka shirya zai kai kashi 52 sai aka datse shi a 43, ya ƙare a Janairun 1980.

Nan ne kamfanin Bandai ya shigo. Ya karɓi izinin yin siffofin roba na harhaɗawa, ya fitar da na farko a watan Yuli 1980, bayan fim ɗin ya riga ya sauka daga talabijin. Kuɗinsa yen 300, abin da ɗan makaranta zai iya tarawa daga kuɗin kashewarsa. Wayon da aka yi shi ne na awo. A labarin, tsawon Gundam mita 18 ne. Sai aka raba shi gida 144 aka ɗauki ɗaya, ya fito santimita 12 da rabi. Haka dama ake yi wa siffofin jiragen sama da tankoki na gaske, don haka masu wannan sha'awa suka karɓe shi kamar injin da ya taɓa wanzuwa. Daga haɗa sunan Gundam da kalmar roba ta Turanci aka sami Gunpla.

Wancan na farko ba wani abin a zo a gani ba ne. Launi ɗaya gare shi, sai an sa gam kafin ya haɗu, sai an yi fenti kafin ya yi kama da na fim, gaɓoɓinsa kuma da ƙyar suke lanƙwasuwa. Amma wannan gazawa ita ta buɗe wa masu hannu ƙofa. Suka riƙa yanke ƙafa suna ƙara mata tsawo, suna gyara kafaɗa, suna shafa launin tsatsa da laka da tabon harsashi, kamar injin ya kwana a daji. Mujallu irin su Hobby Japan suka riƙa buga hotunan aikinsu, yara na gani suna kwaikwayo.

Ana cikin haka aka maimaita nuna fim ɗin a talabijin, aka kuma tattara shi zuwa finafinai uku na silima a 1981 da 1982. Kasuwa ta kama da wuta. Kaya na sauka a shago suna ƙarewa, yara na yin layi tun da sassafe. A Janairun 1982, a wani babban kanti da ke yankin Ciba kusa da Tokiyo, yara suka yi rububin hawa matakala mai tafiya da lantarki don su riga juna saye, suka zube kan juna, da dama suka ji rauni. Labarin ya cika jaridun ƙasar. Shi kuwa Clover, mai ɗaukar nauyin farko, ya durƙushe a 1983. A 1994 Bandai ya saye kamfanin Sunrise ɗin. Kun ji yadda reshe ya juye da mujiya.

Yanzu bari mu leƙa inda ake ƙera su, wato Shizuwoka, garin da ke kusa da dutsen Fuji. Tun ƙarnonin baya garin ya yi suna da kafintoci da masu sassaƙa, waɗanda aka tara don ginin wuraren bauta da gidajen sarauta. Jikokinsu suka koma yin siffofin jirage na katako, da roba ta zo a wajajen 1960 suka koma kanta. Shi ya sa manyan kamfanonin wannan sana'a kamar Tamiya da Hasegawa da Aoshima duk a yankin suke. Bandai ma ya sami gindin zama a yankin ne a 1969, da ya karɓi masana'antar wani kamfani mai suna Imai da ya karye. A 2006 ya buɗe sabuwar masana'anta, Bandai Hobby Center, a cikin garin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar dalma a kasuwa zai gane aikin. Ana narka roba, a tura ta da ƙarfin inji cikin mazubi na ƙarfe da aka sassaƙa da siffar kowane gunta. In ta huce sai ta fito kamar firam, guntayen na manne da shi ta ƴan siraran wuyoyi. Duk wahalar tana wurin sassaƙa mazubin, don kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya hana gunta biyu haɗuwa.

Daga nan gyare-gyare suka yi ta biyo baya. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara sa roba mai taushi a gaɓoɓi, yadda gwiwa za ta lanƙwasa ta kuma tsaya inda aka bar ta. Zuwa ƙarshen shekarun aka kai ga guntayen da ke shiga juna ƙyas ba tare da gam ba, da injin da ke zuba launuka da yawa a firam ɗaya. Sai aka raba su aji-aji: High Grade a 1990, Master Grade a 1995 mai santimita 18 da ƙwarangwal a ciki, Perfect Grade a 1998 mai santimita 30, Real Grade a 2010. A 2020 aka fitar da wani Gundam na masu koyo wanda da yatsa kawai ake ɓalle guntayensa, ko filaya ba a buƙata.

Ingancin gaɓoɓi ne ya mai da tsayarwa wani fanni mai zaman kansa. Masu abin sukan ce haɗawa rabin aiki ne. Ana buɗa ƙafafu kaɗan, a turo ƙirji, a sunkuyar da haɓa, a karkata ƙugu ya bi inda bindiga ta nufa, don nauyin jiki ya zauna kamar na mai rai. Akwai sanduna na musamman da ke ɗaga shi sama kamar yana shawagi. Tsayuwar da ta fi shahara daga ƙarshen labarin farko ta fito: Gundam ba kai, ba hannun hagu, ya ɗaga bindiga sama ya yi harbin ƙarshe. Har yau magina na ɓata sabon kaya da gangan don su maimaita ta.

Abin bai tsaya a Japan ba. A shekarar 2000 aka nuna Gundam Wing a talabijin na Amurka, kasuwa ta buɗe a can. A 2009, don cikar shekara 30, aka kafa Gundam mai cikakken tsawon mita 18 a Odaiba da ke Tokiyo, mutane fiye da miliyan 4 suka je kallo cikin ƙasa da wata biyu. A 2011 aka fara gasar duniya ta magina, wadda ake yanke hukuncinta kan haɗi da fenti da dabarar tsarawa. A Yokohama ma an yi wani ƙato mai motsi, daga ƙarshen 2020 zuwa Maris 2024. Zuwa 2020 adadin Gunpla da aka fitar ya haura miliyan 700.

Yawan nan ya zo da nasa nauyi. Kowane kwali na barin tarin firam ɗin roba da ba shi da amfani bayan an gama. A 2021 kamfanin ya fara ajiye akwatuna a wurare daban-daban na Japan don a mayar da su, a narka, a sake zubi. Lokacin cutar korona kuma, da mutane suka zauna gida, kaya suka yi ƙaranci, ƴan baranda suka riƙa saye suna ninka kuɗi, masu sha'awa na ta kuka.

Jama'a, abin da ya tsaya mana a rai cikin wannan tarihi shi ne yaran nan namu da ke ƙera mota da waya da gwangwanin madara, su yanka tsohon silifa su yi mata taya, har da sitiyari mai dogon kara. Ido da haƙurin da suke sawa, su ne dai na ɗan Japan mai filaya da samfefa. A Shizuwoka an sami waɗanda suka ɗauki wannan hannu da muhimmanci, daga kafinta zuwa mai sassaƙa mazubi, har ya zama abincin dubban gidaje. In kun ga yaro ya duƙufa kan irin wannan aiki a ƙofar gida, kafin a kore shi a ce yana tara shara, a tsaya a tambaye shi yadda ya yi tayar ta juya.