Daga Fangio Zuwa Hamilton: Da Wane Mudu Za A Auna Gwani?

Duk inda masoya tseren motoci suka haɗu, da wuya a watse ba a taɓa gardamar nan ba: wane ne gwanin gwanaye a tarihin Formula 1? Matasa sukan yanke hukunci da lissafi. Zuwa ƙarshen 2024 Lewis Hamilton ya ci tsere 105, ya ɗauki kambun duniya sau 7. Michael Schumacher ya ci 91, shi ma kambu 7. Juan Manuel Fangio kuwa 24 kacal ya ci. A wurinsu magana ta ƙare. Ni dai ban yarda ba, domin duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san kafin a yi ciniki sai an duba girman mudu. Idan muka bar alƙaluma su kaɗai su yi shari'a, to kowane sabon zamani zai binne na bayansa, har da mutanen da suka biya kuɗin wannan wasa da rayukansu.

Mu fara da mudun kansa. An buɗe gasar duniya ranar 13 ga Mayu, 1950, a Silverstone ta Ingila, kuma tsere 7 aka lissafa a shekarar. A 2024 tsere 24 aka yi. Ke nan abin da direban yau yake samu na dama a shekara ɗaya, sai na farko ya yi shekara uku kafin ya gan shi. Makin ma ya sauya: wanda ya zo na ɗaya a 1950 maki 8 yake samu, daga 2010 kuwa 25. Motocin da kuma ba su da tabbas, inji na iya bugawa ana dab da kammalawa. Uwa uba, direban da bai san ko zai ga shekara mai zuwa ba. A 1958 kawai Luigi Musso ya mutu a Faransa, Peter Collins a Jamus, Stuart Lewis-Evans kuma ya rasu sanadiyyar ƙunar da ya samu a tseren Maroko. Hamilton ya shiga tsere sama da 350. A zamanin Fangio, wa zai rayu ya kai wannan adadi?

Sai kuma batun mota. Kowa ya san sukuwa ta doki ce da mahayi, amma a Formula 1 rabon dokin ya fi yawa. Jenson Button ya yi shekara tara yana gasar da nasara ɗaya tak. Da ya samu motar Brawn a 2009 sai ya ci tsere 6 cikin 7 na farko, ya zama zakara. A 2020 da cutar korona ta kwantar da Hamilton, aka ɗauko George Russell daga Williams, inda ya saba kashe ƙurar wasu, aka ba shi Mercedes. Da ba don kuskuren sauya taya da faci ba, da ya ci tseren Bahrain na ranar. Saboda haka nake auna direba da abu uku: kashi nawa ya ci cikin tseren da ya shiga, yaya ya yi da abokin aikinsa mai mota irin tasa, kuma me ya yi a ranar da mota ba ta tare da shi.

A ma'auni na farko babu wanda ya kama ƙafar Fangio. Ɗan Ajantina ne, bakanike tun yana yaro, wanda ya koyi tuƙi a tseren dogon zango na Kudancin Amurka, kan hanyoyin tsakuwa da tsaunuka. Yana da shekara 38 aka fara gasar duniya, shekarun da yawancin direbobin yau sun ajiye hula. Cikin tsere 51 ya ci 24, kusan rabi ke nan. Ya ɗauki kambu a 1951, 1954, 1955, 1956 da 1957, da motocin kamfani huɗu: Alfa Romeo, Mercedes, Ferrari da Maserati. Huɗu daga ciki bayan ya karye a wuya a Monza a 1952. Babu bel, babu katangar kariya, hular ma ba ta wuce a kira ta hula ba.

Ranarsa mafi girma ita ce tseren Jamus na 1957, a Nürburgring, hanya mai tsawon sama da kilomita 22 a zagaye ɗaya, cikin daji da tudu da kwari. Ya tsaya sauya taya da shan mai yana kan gaba, makanikai suka yi nawa, ya fito Mike Hawthorn da Peter Collins na Ferrari sun ba shi tazarar kusan daƙiƙa 50. Dattijo mai shekara 46 ya shiga karya tarihin gudun hanyar zagaye bayan zagaye, har ya wuce su biyun ana saura zagaye ɗaya. Ita ce nasararsa ta ƙarshe.

Akwai abin da ake faɗa a kansa, kuma gaskiya ne. Fangio ya iya sauya sheƙa zuwa inda mota mai kyau take. Abokan karawarsa ba su da yawa, wasu ma attajirai ne masu neman nishaɗi. Dokar lokacin kuma ta yarda direba ya karɓi motar abokinsa: a Monza a 1956 Collins ya sauka ya miƙa masa tasa, alhali shi ma yana da damar kambu. Amma ma'auni na biyu ya wanke shi. A 1955 ya zauna a Mercedes tare da Stirling Moss, matashin da ya girme wa da shekara 18, ya ci tsere huɗu, Moss ya ci ɗaya. Shi Moss ɗin ma hujja ce a kan masu bin lissafi. A 1958 ya ci tsere huɗu, Hawthorn ɗaya, amma ya rasa kambu da maki guda, bayan shi da kansa ya je ya ba da shaidar da ta hana a soke makin Hawthorn a Fotugal. Bai taɓa zama zakara ba. Wa zai ce bai kai ba?

Bayan Fangio sai Jim Clark, manomi daga Sukotland, wanda bai taɓa tuƙa wa kowa ba a gasar sai Lotus. Tsere 72, nasara 25, kambu a 1963 da 1965. Abin mamaki, sau ɗaya tak ya taɓa zuwa na biyu: galibi ko dai ya ci, ko motar ta ci amanarsa. Yoyon man inji ne ya raba shi da kambun 1962 a Afirka ta Kudu, ya sake raba shi da na 1964 a Meziko ana dab da kammalawa. A 1963 ya ci tsere 7 cikin 10, ciki har da na Beljiyam da ya ba na biyu tazarar kusan minti biyar cikin ruwan sama. A 1965 ya haye Amurka ya ci Indianapolis 500. Ya mutu ranar 7 ga Afrilu, 1968, a wani ƙaramin tsere a Hockenheim, yana da shekara 32.

Jackie Stewart, ɗan ƙasarsu, shi ne ya ce mutuwar ta isa haka. A 1966 ya yi haɗari a Spa, ya maƙale cikin mota fetur na zuba masa a jiki kusan minti 25, sai direbobi biyu ne suka ciro shi da sifanar da suka aro wurin ɗan kallo. Daga nan ya ɗaura yaƙin neman bel, katangar kariya da likitoci a bakin hanya. An yi masa gorin tsoro, mutumin da a 1968 ya ci Nürburgring cikin hazo da tazarar minti huɗu, hannunsa a ɗaure. Ya ɗauki kambu uku, ya ci 27 cikin 99. Tsere na ɗari bai shiga ba, saboda abokin aikinsa François Cevert ya mutu a wurin gwaji kwana ɗaya kafin nan. Lokacin da Romain Grosjean ya fito da ƙafarsa daga cikin wuta a Bahrain a 2020, motarsa ta rabe biyu, itacen da Stewart ya dasa ne ya sha inuwarsa.

Idan ana son ganin ma'auni na biyu tsirara, a dubi 1988. McLaren ta haɗa Alain Prost na Faransa da Ayrton Senna na Birazil, ta ci tsere 15 cikin 16: Senna 8, Prost 7. Prost ya tara maki 105, Senna 94, amma dokar shekarar sakamako 11 mafi kyau kawai take ƙirgawa, sai ya zama Senna 90, Prost 87. Dubi yadda alƙalamin masu doka ya zaɓi zakara. Senna ya fi kowa iya zagaye ɗaya na neman gurbin gaba, sau 65 ya samu, ya kuma ci Monako sau shida. Prost ya fi shi tattalin mota da taya, ya ƙare da nasara 51 da kambu 4, Senna 41 da kambu 3. Sun yi karo a Suzuka ta Japan a 1989 da 1990, kuma daga baya Senna ya amsa cewa na biyun da gangan ne. Mutuwarsa a Imola ranar 1 ga Mayu, 1994 ta sa mutane ba sa son tuna wannan, amma tarihi ba ya zaman makoki.

Schumacher na Jamus shi ya mayar da tuƙi aikin yini da dare. Ya je Ferrari a 1996, gidan da rabonsa da kambun direba tun 1979 lokacin Jody Scheckter na Afirka ta Kudu. Tare da Jean Todt, Ross Brawn da Rory Byrne suka gina ta, ya ɗauki kambu biyar a jere daga 2000 zuwa 2004. Motsa jiki da ake gani yau, da yawan gwajin mota na zamaninsa, shi ya ɗaga matsayinsu. Sai dai farar rigarsa na da tabo: karo da Damon Hill a 1994, da wanda ya yi da Jacques Villeneuve a 1997 har aka cire sunansa daga jerin gasar shekarar. A Ferrari kuma abokin aikinsa mataimaki ne. A Ostiriya a 2002 an umarci Rubens Barrichello ya ba shi hanya a bakin layin ƙarshe.

Hamilton fa? Masu cewa Mercedes ce ta yi shi sun manta da 2007. Shekararsa ta farko ke nan, aka haɗa shi da Fernando Alonso mai riƙe da kambu biyu, suka tashi maki 109 kowannensu. A 2008 ya ci Silverstone cikin ruwa da tazarar fiye da minti ɗaya. Shi ne baƙar fata na farko a gasar, daga gidan da ba na masu kuɗi ba, kuma wannan nauyi ne da babu ɗaya daga cikin waɗanda na ambata da ya ɗauka. Duk da haka Nico Rosberg ya doke shi a 2016 da mota iri ɗaya, kuma abin da ya ci bai kai kashi ɗaya cikin uku na tseren da ya shiga ba. Max Verstappen, wanda ya ci 19 cikin 22 a 2023, har yanzu littafinsa a buɗe yake. Abin da za a ba mutanen wannan zamani shi ne, suna karawa da waɗanda aka horar tun suna yara ƙanana, inda ɗan ɓurɓushin daƙiƙa ke raba na ɗaya da na biyar.

Akwai kuma abin da zamani ya ƙwace musu, wato faɗin fage. Direban da yana tuƙa duk abin da ke da taya huɗu. Mutanen Agadas sun ga irinsu da idonsu: Jacky Ickx na Beljiyam, wanda ya zo na biyu a gasar Formula 1 a 1969 da 1970, ya ci tseren awa 24 na Le Mans sau shida, sannan a 1983 ya ratsa rairayin Tenere ya ci tseren Paris-Dakar. Tsarin gasar yau da wuya ya bar direba ya gwada kansa haka.

To, ina na tsaya? Idan gudu zalla ake nema, Clark da Senna nake kawowa. Idan daɗewa a kan ganiya ce, Hamilton da Schumacher. Wanda wasan ya fi cin moriyarsa kuwa, Stewart ne. Amma idan aka tilasta mini suna ɗaya, Fangio zan kira. Shi kaɗai ne ya cika ma'aunin nan uku ba tare da tabo ba: ya ci kusan rabin tserensa, ya danne abokin aiki irin Moss, ya yi abin da ya yi a Nürburgring. Ya yi su yana dattijo, da mota huɗu daban-daban, a lokacin da kuskure ɗaya ke kai mutum kabari. Tarihinsa na kambu biyar ya yi shekara 46 kafin Schumacher ya wuce shi a 2003. Wanda yake da wani sunan, ƙofa a buɗe take, sai dai ya zo da mudunsa a hannu mu duba girmansa tukuna.