Akwatunan Ashana Sittin

In ana labarin ranar 6 ga Yuni 1944, watau ranar da rundunar Ingila da Amurka da Kanada ta sauka gaɓar Nomandi a ƙasar Faransa, manyan jiragen yaƙi ake ambata, masu igwa kamar kututturen giginya. Mu dai yau ƙanana za mu ɗauko, gama mun ga ba a ba su hakkinsu ba.

Amurka tana da wata runduna ta masu gadin bakin teku. Zamanin yaƙin Hitila aka sassaƙa musu jirage 230 iri ɗaya a Buruklin, cikin birnin Niyok, kowane tsawonsa ƙafa 83, don sintiri a gaɓa da farautar jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa. Suna da sauri, amma da katako aka yi su, kuma fetur suke sha. To, katako ga fetur, ga wuta ana zubowa! Shi ya sa ma'aikatan jirgi suka yi musu laƙabi da akwatunan ashana.

Da shirin ƙetarewa ya kankama sai wata damuwa ta taso. Jiragen da ke ɗauke da soja ba su da damar tsayawa su tsamo wanda ya faɗa ruwa, don in ɗaya ya tsaya na baya duk sun cuɗe. Soja kuwa da kaya niƙi-niƙi, cikin ruwan sanyi, bai daɗewa. Sai aka zaɓi sittin daga cikin ƙananan nan, aka ɗora su bisa manyan jiragen kaya zuwa Ingila, aka tara su a tashar Pul. Talatin aka ba Amurkawa, talatin aka ba Ingilishi da mutanen Kanada.

Ran nan tun da asuba suka bi bayan jiragen soja har kusa da gaɓa, ba don su yi harbi ba, sai don tsamo mutane. Wanda rauni ya hana shi kama igiya, ma'aikata su faɗa ruwan da kansu su ɗago shi. A wannan rana kaɗai sun ceci wajen mutum 400.

Abin mamaki, wutar da ake jin tsoro ba ita ta ci su ba. Guguwa ce ta taso cikin watan nan na Yuni ta halaka biyu. Sauran suka ci gaba, kafin shekara ta ƙare waɗanda suka tsamo da rai sun haura 1,400.