Matar Da Ta Fitar Da Maganin Maleriya Daga Ganye

Yau tarihi za mu taɓa, na wata baiwar Allah 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou, wadda aikinta ya shiga kusan kowane gida namu ba mu sani ba.

A shekarar 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, zazzaɓin cizon sauro yana ta kashe sojoji, kulorokwin kuma ya daina yi musu aiki. Sai gwamnatin Sin ta kafa shirin neman sabon magani a asirce. A 1969 aka ɗora wannan mata a kan wata tawagar bincike. Ta bar 'ya'yanta mata biyu ƙanana a hannun wasu, ta shiga bin tsofaffin littattafai da masu maganin gargajiya, har suka tattara haɗe-haɗe sama da 2,000.

Cikinsu akwai wani ganye, ɗan'uwan tazargaden da iyayenmu suka sani. To amma in an gwada shi, yau ya yi, gobe ya ƙi. Sai ta ci karo da littafin wani likita, Ge Hong, na ƙarni na 4, wanda ya nuna jiƙa ganyen ake yi a matse, ba dafawa ba. Nan ta yi tunanin ko zafin wuta ne ke ɓata sinadarin. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi sosai ba, ya kashe ƙwayar cutar tas a jikin ɓeraye. A 1972 ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a ba majinyata.

Sinadarin shi ne atemisinin, tushen magunguna irin su Coartem da ake ba yaranmu. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

Sai dai uwargida, a kula. Ƙarfin sinadarin ya bambanta daga ganye zuwa ganye, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shan jiƙonsa a madadin magani ba. Guntun magani ba ya kashe cuta duka, wadda ta tsira kuwa ita ce mai taurin kai, kuma an riga an ga irinta a Kambodiya da Ruwanda. In yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi a gwada jini, a kuma shanye magani na kwana 3 cif, ko da ya tashi yana wasa.

Allah Ya raya mana zuri'a.