Yadda Dokar Kuɗin Ƙarin Lokacin Aiki Ta Samo Asali a Amurka

A ƙarni na 19 ma'aikacin masana'anta a Amurka kan shafe awa 10 zuwa 12 a kullum yana aiki, kwana shida a mako, kuma babu wata dokar tarayya da ta yi wa mai masana'anta iyaka. Ƙungiyoyin ƙwadago suka dage a kan buƙata guda, wato a tsayar da aikin yini a awa takwas. Ranar 1 ga Mayun 1886 dubban ɗaruruwan ma'aikata suka shiga yajin aiki a biranen ƙasar. Kwana uku bayan haka aka jefa bam a wani gangami a dandalin Haymarket na birnin Chicago, 'yan sanda da farar hula suka mutu, aka kuma rataye huɗu daga cikin jagororin ma'aikata a 1887. Daga wannan gwagwarmaya aka samo Ranar Ma'aikata, wadda gwamnatin Jihar Kano ta mayar ranar hutu a 1980, gwamnatin tarayyar Najeriya ta bi sahu a 1981.

Babban cikas ya zo ne daga kotu. A 1905, a shari'ar Lochner, Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar New York da ta hana masu gashin burodi wuce awa 60 a mako, bisa hujjar cewa ma'aikaci da ubangidansa suna da 'yancin ƙulla yarjejeniyar da suka ga dama. Hujja ce mai rauni, domin mai neman abin sawa a baka ba shi da bakin ciniki a gaban wanda ke riƙe da aikin. Abin da aka samu bayan nan gutsi-gutsi ne. Ma'aikatan jirgin ƙasa suka sami awa takwas a dokar Adamson ta 1916, Henry Ford kuma ya mayar da masana'antunsa kwana biyar a mako a 1926, bisa raɗin kansa.

Karayar tattalin arziki da ta fara a 1929 ce ta sauya lissafi. Zuwa 1933 kusan ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba su da aikin yi, sai tunani ya koma ga yadda za a raba ɗan aikin da ya rage tsakanin mutane da yawa. Sanata Hugo Black ya kai ƙudurin awa 30 a mako, ya tsallake Majalisar Dattawa, ya maƙale a ta Wakilai. Tsarin da Shugaba Roosevelt ya kawo a madadinsa kotu ta rushe shi a 1935. Sai ranar 25 ga Yunin 1938 ya sa hannu a kan dokar adalci a ƙa'idojin ƙwadago, wadda sakatariyar ƙwadago Frances Perkins ta tsaya mata tsayin daka. Dokar ta tsayar da mafi ƙarancin lada a santi 25 a awa, ta sa makon aiki a awa 44, ya sauka zuwa 42 a 1939, sannan 40 a 1940. Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 1941.

Dokar ba ta hana baligi wuce awa 40 ba. Abin da ta yi shi ne tsawwala farashin awar da ta biyo baya: kowace awa bayan ta 40 sai an biya ladanta da ƙarin rabi. Wanda ake biya dala 10 a awa, idan ya yi awa 46, zai karɓi dala 400 na makonsa da dala 90 na awa shidan da ya ƙara. Manufar ita ce mai kamfani ya ga ɗaukar sabon ma'aikaci ya fi masa araha a kan gajiyar da na hannunsa. Amma an bar ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje a waje, don samun ƙuri'un 'yan majalisar Kudu, inda akasarin masu waɗannan ayyuka baƙar fata ne. Wannan tabo ne a jikin dokar, kuma bai goge duka ba, domin har yau ma'aikacin gona ba shi da haƙƙin kuɗin ƙarin lokaci a dokar tarayya.

Majalisa ta kuma bar wani giɓi: ba ta fayyace mene ne aiki ba, ko daga wane minti yake farawa. Masu haƙar tama a Alabama sukan ɗauki lokaci mai tsawo a ƙarƙashin ƙasa daga bakin rami zuwa inda ake haƙa, ba a biyansu ko sisi. A 1944 Kotun Ƙoli ta ce wannan tafiya aiki ce. A 1946, a shari'ar masana'antar tangaran ta Mt. Clemens a jihar Michigan, ta ƙara da cewa tafiya daga inda ake buga kati zuwa teburin aiki ita ma tana cikin lissafi, kuma idan mai kamfani bai ajiye rubutaccen bayanin awoyi ba, ƙiyasin ma'aikaci mai ma'ana ya isa hujja. Cikin 'yan watanni aka shigar da ƙararraki fiye da 1,500, ana neman kusan dala biliyan shida. Majalisa ta yi gaggawar kafa dokar da ake kira daga ƙofa zuwa ƙofa a 1947, wadda ta cire tafiya zuwa wurin aiki da shirye-shiryen kafin aiki da na bayansa daga lokacin da ake biya.

Tun daga nan rigimar ta koma kan mintuna. A 1956 kotu ta ce a biya ma'aikatan wata masana'antar batir lokacin sauya kaya da wanka, tunda suna mu'amala da dalma da asid, aikin kuma ba ya yiwuwa lafiya sai da hakan. A 2005 ta ba ma'aikatan mayanka gaskiya a kan tafiyar da suke yi bayan sanya kayan kariya. Amma a 2014 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke cewa ma'aikatan rumbunan kayan Amazon a Nevada, waɗanda suka ce sukan yi kusan minti 25 a layin binciken sata bayan tashi, ba su da haƙƙin biya, domin binciken ba ya cikin ainihin aikin da aka ɗauke su yi. Kamfani ne ya tilasta tsayuwar, ma'aikaci ne ya yi asarar lokacinsa.

Ɗaya fagen dagar shi ne batun su wane ne dokar ta shafa. Tun farko an keɓe manajoji da ƙwararru masu albashi, wannan ya buɗe ƙofar liƙa wa ƙaramin ma'aikaci muƙamin manaja don a guje wa biyansa. Ma'aikatar Ƙwadago ke tsayar da albashin da wanda bai kai shi ba dole a biya shi ƙarin lokaci, ko da an liƙa masa muƙamin manaja. A 2004 an sa dala 455 a mako. Gwamnatin Obama ta ninka shi zuwa 913 a 2016, wani alƙali a Texas ya dakatar. A 2020 ya koma 684, kuma ƙarin da gwamnatin Biden ta yi a 2024 wata kotun tarayya a Texas ta soke shi a watan Nuwamban shekarar, adadin ya dawo dala 684.