Filin Jirgin Sama da Babu Dogo: Nazari kan Ambursa da Sufuri Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba alaƙar filin jirgin sama da layin dogo, ta ɗauki Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa a matsayin abin nazari. A manyan birane, cunkoso ne ke sa a kai jirgin ƙasa har bakin filin jirgi. Maƙalar tana ganin wannan hujja ba ta hau kan Kebbi ba, domin nauyin filin yana zuwa ne lokaci-lokaci, kuma idan dogo zai shigo fadamar Rima, shinkafa ce za ta jawo shi kafin fasinja.

1. Abin da ake nufi da cikar filin jirgi

Ƙarfin filin jirgi ba abu ɗaya ba ne. Akwai yawan jiragen da titin sauka da tashi zai iya ɗauka a sa'a, akwai wurin ajiye su, akwai zauren matafiya, sannan akwai hanyar da mutane ke bi su iso. Duk wanda ya fara cika cikin huɗun nan, shi ne iyakar filin. Heathrow na Landan yana da titi biyu kacal, an ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara, amma ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 80 a 2024. Taro irin wannan ba ya yiwuwa da mota kaɗai, shi ya sa jirgin ƙarƙashin ƙasa ya isa filin a 1977, Heathrow Express ya biyo a 1998. A Frankfurt ta Jamus kuwa, tashar jirgin ƙasa mai dogon zango da aka buɗe a 1999 ta yi wani aikin daban: ta karɓe wasu gajerun tafiye-tafiyen da a da sai an tashi sama, titin ya samu sarari ga jiragen nesa.

A Najeriya an ɗanɗana wannan a 2017, lokacin da aka rufe filin Nnamdi Azikiwe na Abuja tsawon mako shida don gyaran titinsa, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a Yulin 2016, ya ɗauki wani kaso na matafiyan. Amma ƙaramin jirgin ƙasan cikin Abuja da aka haɗa da filin a 2018 ya tsaya a 2020, bai dawo aiki ba sai Mayun 2024. Shimfiɗa dogo daban, riƙe shi daban.

2. Halin Ambursa

An ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, kuma ta daɗe tana dogaro da filin Sultan Abubakar III na Sakkwato. An gina filin Ambursa a zamanin Gwamna Sa'idu Usman Nasamu Dakingari, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015. Wurin da aka zaɓa yana kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, wato tsakanin fadar Sarkin Gwandu da ta Sarkin Kabi, kuma wannan zaɓi ya yi ma'ana.

A ranakun da aka saba, zirga-zirgar filin ba ta kai ta matsa wa titi ko zaure ba. Nauyinsa na gaskiya yana zuwa ne da jigilar alhazai. A Mayun 2024 daga nan jirgin farko na maniyyatan Najeriya ya tashi, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya halarta. Wanda ya ga irin wannan rana ya san ba titin jirgi ke cika ba, hanyar mota ce. Maniyyaci ɗaya daga Zuru ko Yawuri ko Kamba kan zo da 'yan rakiya cike da mota, a jera motoci a gefen kwalta, masu ruwan leda da masu tuya su kafa kasuwa nan take. Bayan 'yan makonni wurin ya koma shiru sai dawowa.

Nauyi na biyu shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sanya shi cikin jerin gadon al'adun duniya a 2016. Dubban masunta da homa da gora kan faɗa kogin Matan Fada lokaci guda, baƙi su cika gari, wasu su kwana Birnin Kebbi don ƙarancin masauki. Sai dai kwanaki ne ƙalilan, kuma bikin ya taɓa tsayawa kimanin shekara goma kafin a dawo da shi a Maris 2020. Ba a gina layin dogo a kan taron da ke zuwa sau ɗaya a shekara. Manyan motocin safa da aka tsara musu lokaci, da wurin ajiye motoci a wajen filin, sun isa wannan bukata da kuɗi kaɗan. Ɗauko tsarin Heathrow a kawo Ambursa kamar sa wa yaro babbar rigar mahaifinsa ne.

3. Abin da ke jawo dogo

Tarihin dogo a Arewa yana da darasi a nan. Layin ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Turawan mulki ba don matafiya suka ja shi ba, gyaɗa da auduga suka bi. Inda lissafin amfanin gona ya ƙare musu, nan ƙarfen ya tsaya, Sakkwato da Kebbi suka zauna babu dogo har yau.

Abin da ya sauya shi ne shinkafa. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015. A ƙarshen 2016 shinkafar Lake Rice, ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, ta shiga kasuwa. A Agustan 2017 aka buɗe masana'antar Wacot a Argungu, mai ƙarfin sarrafa tan 120,000 na shanshera a shekara a lokacin, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. Idan tirela ɗaya tana ɗaukar tan 30, wato buhu 600 masu kilo 50, cika cikin masana'antar Argungu kaɗai a wancan ƙarfi yana bukatar lodi 4,000 a shekara. Wajibi ne a yi adalci ga wannan lissafi: shansherar tana fitowa ne daga gonaki da kasuwanni warwatse, mota ce kawai za ta tattaro ta. Rabon jirgin ƙasa yana cikin doguwar tafiya, wato gyararriyar shinkafa zuwa Kudu, albasar Aliero, shanu, da takin zamani da siminti a dawowa. Waɗannan kaya ne na kullum, masu nauyi, kuma su ne ke farfasa kwalta. Babu ɗayansu da zai hau jirgin sama. Kuɗin dakon ya fi ƙarfin farashin buhu.

Maƙwabta sun nuna haɗarin gina layi ba tare da wannan lissafi ba. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso a Nijar, aka yi bikin buɗewa a 2016, amma layin bai haɗu da na Benin da ya tsaya Parakou ba, bai kuma yi aikin kasuwanci ba. Gajeren layi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ta Ambursa, in ba a ɗaure shi da babban layi ba, makomarsa ke nan.

4. Abin da za a iya yi tun yanzu

Tambayar farko ita ce inda za a ɗaura. Reshen Ƙauran Namoda tsohon ma'auni ne, faɗinsa milimita 1,067, alhali sababbin layuka, har da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, milimita 1,435 ne. Tsawaita tsohon reshe yana nufin sauke kaya a sake lodi a mahaɗa, kuma kowace saukewa tana cin kuɗi da lokaci. Ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka fara a 2024, wadda za ta ratsa Kebbi ta yi gogayya da dogo kan kayan nan guda.

Tambaya ta biyu ta ƙasa ce. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa ta karya hanyoyi a jihar, don haka layin da zai bi fadama sai da tudun ƙasa da gadoji masu tsada. Bin tudu ya fi. A nan ne filin jirgin ya shigo lissafi. Gari yana bin kwalta, kuma filayen da ke tsakanin Birnin Kebbi da Ambursa suna cikin waɗanda gini zai fara ci. Idan hukumar tsara birane ta ware zirin hanyar dogo yanzu, ta bar gurbin tasha kusa da ƙofar filin, ta kuma hana dogayen gine-gine a saitin sauka da tashi, diyyar da za ta biya ta gona ce. In aka jira har unguwanni suka zauna, diyyar gidaje za a biya, da shari'o'in da ke biye da ita.