Galmi: Garin Albasa da Asibitin Masu Wa'azin Fansa

Wanda ya bi babbar hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, albasa ce ke fara yi masa maraba a Galmi, buhu a kan buhu a bakin titi. Amma a gundumar Malbaza da kewayenta, in aka ce "an kai shi Galmi", kowa ya san jiki ne ya yi tsanani. Asibitin mishan ake nufi, wanda ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950 a hannun wani likita Ba'amurke, Dokta Burt Long.

Tushen ƙungiyar da makoki ya fara. Samari uku ne suka sauka Ikko a 1893 da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Kafin ƙarshen 1894 rashin lafiya ta kashe Walter Gowans a Girku, ta kashe Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1924 magadansu suka sami gindin zama a Damagaram.

Abin da ya kawo su aƙida ce guda. A wurin Kirista, zunubi bashi ne da ɗan Adam ba zai iya biya ba, sai Allah saboda ƙauna ya biya da kansa ta mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye. Ba su sha wahalar neman sunan wannan da Hausa ba, domin "fansa" na nan tun zamanin bauta, lokacin da dangi kan tara dukiya su fanshi nasu. Ragon layya ma kowa ya san shi, don haka laƙabin "Ɗan Rago na Allah" da ake yi wa Yesu bai zo wa kunne baƙo ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932.

Fahimtar kalma daban, yarda da ita daban. Musulmi ya riƙe cewa ba a gicciye Annabi Isa ba, kuma ba mai ɗaukar laifin wani. Shi ya sa wa'azin bai ja jama'a sosai ba, alhali allura da tiyata sun ja, har daga tsallaken iyaka ta wajen Sakkwato.

Fiye da shekara 70 ke nan, mafi yawan masu kwanciya a gadajen Galmi Musulmi ne.