Tarihin Burtali

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san burtali. Shi ne hanyar da bisashe suke bi tsakanin gonaki, su je kiwo, su je shan ruwa. Amma ba kowa ya san tarihinsa ba.

A zamanin da, daji yana da faɗi, mutane kaɗan ne. Da damana, Fulani da Buzaye sukan kora garke su yi arewa, wajen Azawak da Ingal, inda akwai ciyawa da ƙasa mai gishiri. Da kaka sai su komo kudu. Manomi da kansa yake roƙon Bafillace ya sauka gonarsa. Shanu su ci kara, su bar taki. Mai gona ya ba da damen hatsi, a ba shi nono. Mai gari da ardo su ne masu tsaron burtali.

Doki kuwa dukiyar sarakuna ne. Da dawaki Maraɗi da Tsibiri da Damagaram suke yaƙi. Doki ba ya tafiya kiwo nesa kamar saniya. Yana bisa turke, ana kawo masa ciyawa da harawa da hatsi da kanwa. Don haka sarakuna ba su wasa da abincin dabba. Tsofaffin Damagaram suna ba da labari cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo. Dalili shi ne gawo yana fidda ganye da ƴaƴa da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare.

Da Nasara suka zo, sai haraji ya koma na kuɗi. Mutane suka duƙufa ga noman gujiya. Gonaki suka yi ta cin daji, har suka doshi arewa. Bayan ɗiyaucin ƙasa, a ranar 26 ga watan Mayu 1961, gwamnati ta yi doka, ta shata iyakar noma. Arewa da iyakar nan, ƙasar kiwo ce.

Amma doka ba ta hana jama'a ƙaruwa. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba. Yau sun wuce miliyan 25. Ga kuma fari na 1973 da na 1984, wanda ya kashe bisashe da yawa. Kowa ya shiga neman ƙarin gona. Wannan ya ci taki ɗaya na burtali, wancan ya ci biyu. Hanya ta ƙuntata, saniya ta faɗa cikin shuka, faɗa ya tashi. A watan Oktoba 1991, a Toda cikin ƙasar Maraɗi, an kashe fiye da mutum 100, yawancinsu mata da yaran Fulani.

A 1993 aka yi babbar dokar karkara. Ita ta kawo kwamitocin filaye da ake kira KOFO, inda manoma da makiyaya da sarakuna suke zama tare. Su ne suke auna burtali, a kafa masa alamu. A 2010 aka ƙara dokar kiwo. Ta tabbatar cewa tafiya da garke haƙƙin makiyayi ne, kuma burtali ba gonar kowa ba ne. Hukuma ce take tsaida ranar sakin gonaki kowace shekara.

To, jama'a, yau manomi ma yana da tumaki da awaki da shanun amalanke. In burtali ya toshe, ta ina nasa za su bi? Manomi, kada ka shuka cikin hanya. Makiyayi, ka jira ranar saki. In an yi ɓarna, a tafi wurin mai gari da KOFO, a duba, a biya. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.